Wanda Ya Dasa Icen Udu Ba Shi Ke Morar Ƙamshinsa Ba

Shekarun baya, a wata tafiya da na yi Umra, na shiga wani shagon turare daga cikin jerin shagunan da ke kusa da Harami da niyyar in sayo wa mahaifiyata tsarabar icen udu, domin ita mace ce da ba ta yarda ɗakinta ya kwana ba tare da hayaƙin turare ba. Mai shagon ya sa hantsaki ya ɗauko wani ɗan guntu baƙi wuluk, ya ɗora shi a kan garwashi, ya miƙo mini kaskon, sai ƙamshi mai nauyi ya cika mini hanci har na daina jin hayaniyar titi. Na biya kuɗin da sai da na yi ta juya su zuwa naira a zuciyata har na isa masauki. Da na dawo gida aka hura garwashi, Hajiya ta ɗora guntu ɗaya. Ƙamshin ya tashi na ɗan lokaci kaɗan, sannan ya rikiɗe ya koma ƙauri irin na itacen girki da aka yayyafa wa mai. Ta dube ni ta ce, "Allah ya yi maka albarka, amma wannan wanka kawai aka yi masa." Da muka tsaga wani guntun da wuƙa, sai muka tarar cikinsa fari fat, baƙin iyakarsa baya.

Wannan ɗan guntun ice ne ya sa na fara bin diddigin inda udu yake fitowa, kuma abin da na fahimta shi ne cewa ni da manomin da ke can arewa maso gabashin Indiya damuwarmu ɗaya ce, wato babu ɗayanmu da ke da hanya mai sauƙi ta tabbatar da abin da ke hannunsa. Ni ban iya gane na gaske daga jabu ba. Shi kuma yana shan wahala kafin ya gamsar da hukuma cewa bishiyar da ke bayan ɗakinsa shi ya dasa ta, kuma ba shi da ma'aunin da zai tsaya a kansa idan dillali ya taya masa ita da arha. A ganina wannan rashin shaida shi ne babban tarnaƙin da ya hana sana'ar udu bunƙasa, ya fi ƙarancin bishiyar tasiri, ya kuma fi dokar ƙasa da ƙasa da manyan 'yan kasuwa suke yawan kuka da ita.

Udu yana fitowa ne daga wasu bishiyoyi na dazuzzukan kudanci da kudu maso gabashin Asiya, waɗanda masana ke kira Aquilaria da danginta Gyrinops, tun daga jihar Asam ta Indiya da Bangaladash har zuwa Biyetnam, Malesiya, Indonesiya da tsibirin Nugini. Lafiyayyar bishiyar ba ta da wata daraja, icenta fari ne, marar nauyi, ba shi da ƙamshi. Sai idan ta ji rauni, ko tsawa ta tsage ta, ko tsutsa ta huda ta, funfuna ta shiga wurin, sannan take fitar da wani maiƙo mai duhu domin ta kare kanta, maiƙon ya riƙa ratsa cikin icen a hankali tsawon shekaru. Wannan ɓangaren da ya jiƙu da maiƙo shi ne Larabawa ke kira udu, mutanen Malesiya da Indonesiya su ce gaharu, Indiyawa su ce agar. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne cewa a daji bishiya ɗaya ce cikin goma, ko ma ƙasa da haka, ke ɗauke da shi, kuma ba kasafai ake gane ta daga waje ba. Saboda haka mafarautan udu sukan sare bishiya su tsaga ta tukuna kafin su san ko akwai wani abu a ciki, abin da ke nufin a kashe tara domin a sami ɗaya.

Masu son wannan ice kuwa ba su taɓa raguwa ba. A cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito an siffanta rukunin farko da za su shiga Aljanna da cewa abin turarensu "al'uluwwa" ne, wanda malamai suka fassara da icen udu, kuma har yau da man udu ake shafe bangon Ka'aba idan an wanke ta. Yana da kyau a faɗa a nan, domin na sha jin masu talla suna cakuɗa su, cewa "udul hindi" da aka ambata a hadisin magani wani tsiro ne daban da ake kira ƙusɗu, don haka kada wani ya sayar wa mutane da turare da sunan maganin Annabi. A ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha, zagayawa da kaskon udu a gaban baƙo tamkar miƙa goro ne a wajenmu. A Japan akwai wani gungume guda mai suna Ranjatai da ake adana shi a taskar Shosoin ta birnin Nara tsawon ɗaruruwan shekaru, wanda shugaban yaƙi Oda Nobunaga ya yanki ɗan guntu daga jikinsa a 1574. Daga baya kuma Turawa suka shigo, bayan kamfanin Yves Saint Laurent ya fitar da turaren M7 a 2002, Tom Ford ya biyo da Oud Wood a 2007, har ta kai yanzu da wuya ka shiga shagon turare a Kano ko Landan ba ka ga kwalba mai ɗauke da kalmar Oud ba, ko da kuwa mafi yawansu haɗin sinadarai ne da bai taɓa kusantar bishiya ba.

Da buƙata ta yi yawa daji ya fara ƙarewa, aka sa bishiyar cikin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ɓacewa. Indiya ce da kanta ta gabatar da buƙatar, aka sa nau'in Aquilaria malaccensis a rukuni na biyu na yarjejeniyar daga 1995, sannan daga 2005 aka haɗa da dukkan sauran nau'o'in. Rukuni na biyu bai haramta ciniki ba. Abin da ya shar'anta shi ne kada a fitar da kaya daga ƙasa sai da takardar izini, kuma kada ƙasar ta ba da takardar sai masananta sun tabbatar cewa fitarwar ba za ta cutar da wanzuwar bishiyar ba. Duk da haka a 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya wannan nau'in a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa a daji.

Masu cewa a sassauta wannan yarjejeniya domin kasuwa ta buɗe ba na tare da su, kuma dalilina yana kusa da gida. Mun ga abin da ya sami madobiya a Taraba da maƙwabtanta lokacin da kasuwar Sin ta buɗe mata baki, aka riƙa lodinta a manyan motoci dare da rana, har sai da aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018, lokacin da dakatarwar ta riga ta zama ihu bayan hari. Bishiyar da ake sarewa tara domin a sami ɗaya ta fi madobiya buƙatar kariya. A Hong Kong, birnin da ake danganta sunansa da cinikin turaren itace na zamanin da, har yanzu ɓarayi na shiga dazuzzukan gefen gari suna sassare tsofaffin bishiyoyin, haka kuma a gandun dajin Malesiya ana kama gungun mutane da suka tsallako daga wasu ƙasashe suna kwana a daji makonni suna neman gaharu. Idan aka cire takunkumin, wanda zai fara cin riba shi ne mai gatari.

Inda laifin yake shi ne yadda ƙasashen da ke da bishiyar suka aiwatar da kariyar, suka yi wa bishiyar daji da ta gona kuɗin goro. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne jihar Asam. A can bishiyar agar tsohuwar abokiyar zama ce, domin a kan ɓawonta magabatansu suka rubuta littattafansu, kuma a yankunan Golagat, Jorhat da Sibsagar magidanta suna dasa ta a bayan gida da gefen gonar shayi kamar yadda muke dasa darbejiya ko mangwaro. Sun ma yi sa'a, saboda akwai wata tsutsa a yankin da ke huda bishiyar, ta buɗe wa funfuna hanya ba tare da sa hannun mutum ba. Garin Hojai ya zama cibiyar sassaƙa da tatsar mai, kuma daga nan ne Haji Ajmal Ali, wanda manomi ne, ya fara sana'ar da ta zama kamfanin Ajmal a 1951, kamfanin da ya buɗe shagonsa na Dubai a 1976 kuma a yau Dubai ce hedikwatarsa. Wannan ƙaura kaɗai ta ishi mai lura ya gane inda ribar take sauka.

A watan Disamba na 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke wani hukunci mai tsauri domin ceto dazuzzuka, wanda ya taƙaita sare itatuwa da fitar da katako daga jihohin arewa maso gabas. Niyyar mai kyau ce, amma ta faɗa a kan mai bishiya ashirin a bayan ɗaki kamar yadda ta faɗa a kan ɓarawon katako. Mutum ya dasa abu da hannunsa a filinsa, ya yi renonsa shekara goma ko fiye, amma kafin ya sare sai ya yi rajista, kafin ya ɗora a mota sai ya nemi takardar wucewa daga ma'aikatar gandun daji, kuma ko ya tsallake waɗannan, hanyar fitar da kayan waje bisa doka ta kasance a ƙuntace shekara da shekaru. Ƙaramin manomi ba shi da lokacin zirga-zirga ofis, ba shi da kuɗin mota, ba shi da wanda ya sani. Abin da ya saura masa shi ne ya sayar da bishiyar a tsaye ga dillalin da ya san yadda ake bi da masu shingen hanya, dillalin kuma ya cire kuɗin kasadarsa daga farashin. Ta haka doka da aka yi domin hana fasa-ƙwauri ta mayar da halattaccen amfanin gona kayan fasa-ƙwauri, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An fara gyara, amma a makare. Asam ta fitar da manufar bunƙasa agar a 2020, jihar Tiripura ta biyo da tata a 2021, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta ƙayyade cewa za a iya fitar da kilo 25,000 na ice da kilo 1,500 na mai a shekara daga bishiyoyin da aka dasa. Sai a 2024, bayan hukumar binciken tsirrai ta Indiya ta kammala ƙidayar da yarjejeniyar ke buƙata, ta gano cewa akwai bishiyoyi kusan miliyan 140 a ƙasar, mafi yawansu a gonaki da gidajen mutane, aka ɗaga adadin zuwa kilo 151,080 na ice da gari, da kilo 7,050 na mai a kowace shekara har zuwa 2027. A lura da abin da ya faru a nan. Ba a canza ko harafi ɗaya na yarjejeniyar ba, ƙasar ce kawai ta yi aikin ƙidayar da ya kamata ta yi tun tuni, sai ƙofa ta buɗe ninki shida ga ice, kusan ninki biyar ga mai. Kusan shekara talatin ke nan tsakanin sa bishiyar a yarjejeniya da yin wannan aiki, kuma a tsawon wannan lokaci manoma ne suka biya kuɗin jinkirin.

Ita ma yarjejeniyar tana da nata kason na laifi, domin ma'anar da ta ba "shukar da aka rena" an tsara ta ne da tunanin gandun kamfani mai layi-layi da takardun asalin iri, abin da bai dace da magidancin da ya tsinci dashe a ƙarƙashin bishiyar kakansa ya mayar bayan ɗaki ba. Sai a taron ƙasashen yarjejeniyar da aka yi a Janeba a 2019 aka ƙirƙiro wani rukuni na tsaka-tsaki domin irin waɗannan shuke-shuke da ba na daji ba ne kuma ba na gandun zamani ba.

Ko da an warware batun takarda, akwai batun lokaci da sani. Irin bishiyar ba ya ajiyuwa, yakan mutu cikin 'yan makonni idan ba a shuka shi ba, akwai kuma wata tsutsa mai cinye ganyen gandu guda cikin ɗan lokaci. Amma babbar matsalar ita ce bishiyar da aka dasa aka kula da ita da kyau ba ta da dalilin yin maiƙo, dole sai an ji mata rauni da gangan. A ƙauyukan Sujanagar na yankin Silet a Bangaladash, hanyar da suka gada ita ce su bi jikin bishiyar tun daga gindi har sama suna kafa mata ƙusoshin ƙarfe jere da juna, su bar ta shekaru, sannan su sare su zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, su sassaƙe baƙin da ya taru a kewayen kowane rami. Masana sun kawo hanyoyin zamani. Farfesa Robert Blanchette na Jami'ar Minnesota ya yi aiki da manoma a Biyetnam ya samar da hanyar huda bishiya a sa mata magani, masu bincike a tsibirin Hainan na ƙasar Sin kuma suka fito da dabarar ɗura wa bishiya ruwan magani kamar yadda ake yi wa majiyyaci ƙarin ruwa, ya bi jijiyoyinta har rassa. Waɗannan hanyoyi suna aiki, sai dai ingantattun cikinsu mallakar masu su ne kuma suna da tsada, abin da ya bar kasuwar ƙauye a hannun masu yawo da jarkoki suna sayar da haɗin da babu wanda ya san abin da ke ciki. Manomi zai jira shekara bakwai ko takwas bishiya ta girma, ya biya a yi mata allura, ya ƙara jiran shekara biyu ko uku, sannan ranar sara ya tarar ko dai ta ruɓe ko kuma cikinta fari ne.

Babu bankin da ke son ba da rancen da sai bayan shekara goma za a fara biya, a kan amfanin da ba a iya ganinsa sai an tsaga. Don haka idan buƙata ta taso, ta aure ko ta asibiti, manomi yakan sayar da bishiyoyinsa tun ba su nuna ba, irin cinikin ba-da-kaka da muka sani, wanda a kullum mai kuɗi ne ke cin ribarsa. Wannan giɓi na jari ne ya haifar da kamfanonin da ke tallar cewa ka sayi bishiya a wata ƙasa, su rena maka, bayan 'yan shekaru ka kwashi riba ninki-ba-ninki. Kamfanin Touchwood na Siri Lanka, wanda ya karɓi kuɗin jama'a da sunan dasa musu itatuwa masu daraja har da udu, ya durƙushe, kotu ta ba da umarnin rushe shi a 2014, masu zuba jari da yawa suka tashi a tutar babu. Duk lokacin da irin wannan ya faru, manomin kirki da ke neman abokin haɗin gwiwa shi ma sunansa ya ɓaci. Na fara ganin irin wannan talla tana yawo a wayoyin mutanenmu, ana lissafa miliyoyin da bishiya ɗaya za ta kawo, kuma ya kamata duk wanda aka yi wa ita ya tuna cewa wannan bishiya ce ta ƙasa mai laima, mai son ruwan sama fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, sannan farashin da ake ambatawa na tsohon icen daji ne, wanda dashen shekara goma ba zai taɓa kamo shi ba.

Yanzu sai in koma kan guntun da aka sayar mini. Zinariya tana da ma'auni, auduga da ƙaro suna da daraja-daraja da mai saye da mai sayarwa suka yarda da su, amma udu, duk da cewa mafi kyawunsa yakan fi zinariya tsada idan aka auna nauyi da nauyi, ba shi da wani ma'auni da duniya ta amince da shi. Ana kimanta shi ne da ido da hanci, a duba duhunsa, a jefa shi a ruwa a ga ko zai nutse, a ƙona a shaƙa, sannan a laƙaba masa suna kamar "sufa" ko "dabul sufa", sunayen da ma'anarsu ke canzawa daga shago zuwa shago. Duk wata alama da mai saye ya dogara da ita, maha'inta sun samo mata dabara. Suna dafa farin ice a cikin mai da rini ya yi baƙi, suna cusa masa dalma ko danƙo domin ya yi nauyi ya nutse, suna goge shi ya yi sheƙi. Shi kuwa man, wanda ake samu bayan an jiƙa garin icen a ruwa na kwanaki sannan a dafa shi a manyan tukwane ana tara tururinsa, kuma ake buƙatar ice mai yawan gaske kafin a tara tola ɗaya, wato giram 11.66, sirka shi da wani mai ya fi komai sauƙi.

A kasuwar da babu ma'auni, ilimi shi ne jari, kuma ilimin yana hannun 'yan tsakiya. Dillalin da ya zo ƙauye ya san abin da guntu zai yi a Singafo ko Dubai, manomi bai sani ba. Mai shago ya san abin da ya sa a kwalba, ni ban sani ba. Cinikin biri a sama ne ta kowane ɓangare, kuma waɗanda ke tsakiya ba su da wani dalilin son a sauko da birin. Wannan ne ya sa nake shakkar duk wani shirin gwamnati da ya tsaya kan raba dashe kyauta da ƙidaya yawan bishiyoyin da aka dasa. Dasa miliyoyin bishiyoyi ba tare da ɗakin gwaji da manomi zai kai samfur a faɗa masa yawan maiƙon da ke ciki ba, kuma ba tare da kasuwar gwanjo ta fili inda zai ji farashin da maƙwabcinsa ya sayar ba, ƙara wa dillali yawan waɗanda zai taya wa da arha ne kawai. Kimiyyar gwajin tana nan, domin masana sun san sinadaran da ke ba udu ƙamshinsa kuma suna iya auna su. Abin da ya rage shi ne ƙasashen da ke nomawa da waɗanda ke saye su zauna su amince da daraja-daraja guda, su kuma sauko da kuɗin gwajin yadda ƙungiyar manoma za ta iya biya.

Akwai hujjoji biyu da ake kawowa a kan wannan matsayi nawa, kuma ba na raina su. Ta farko ita ce idan aka sauƙaƙa wa icen gona takarda, ɓarayin daji za su riƙa fakewa da ita suna wanke kayansu. Wannan gaskiya ne, yana kuma faruwa. Amma tsananin da aka yi shekara talatin bai hana satar ba, abin da ya yi shi ne ya tura mai gaskiya da ɓarawo cikin mota ɗaya. Idan rajistar bishiya ta zama abin da ake yi a ƙauye, kyauta, tun tana ƙarama, a rubuta sunan mai ita da wurin da take, to jami'in gandun daji zai sami sararin mayar da hankalinsa kan kayan da ba su da asali, maimakon ya ɓata ranarsa a kan dattijo mai bishiya goma. Hujja ta biyu ita ce yawan noma zai karya farashi, kuma an ga alamar haka a kudancin Sin, inda manoman lardin Guwandon suka ƙware wajen yi wa bishiya aure da reshen wani nau'i mai saurin yin maiƙo, kaya suka yawaita, farashinsu ya faɗi ƙwarai. Ni ban ɗauki wannan a matsayin musiba ba. Sana'ar da ke ciyar da magidanta dubu ɗari da riba madaidaiciya wadda za a iya lissafawa ta fi mini wadda ke azurta mutum ɗari ta hanyar caca, kuma icen gona mai araha shi ne kaɗai abin da zai rage wa na daji matsin lamba.

Sai dai hakan ba zai yiwu ba muddin masu saye suna ganin icen gona a matsayin abin kunya. A manyan kasuwannin udu kalmar "na daji" ita ce ke ɗaga farashi, har ta kai mai icen gona na ƙwarai yakan ga gara ya yi ƙarya ya ce daga daji ya fito. Ƙasashen da suka fi kowa ƙona udu suna da nauyi a wuyansu a nan, kuma tarihinsu bai nuna ɗoki ba, domin lokacin da aka faɗaɗa kariyar a 2005, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Kuwait, Ƙatar da Siriya sun yi rajistar cewa ba su ɗaure kansu da sabon matakin ba. Kasuwar da ke da kuɗin sayen tola ɗaya da farashin mota tana da kuɗin kafa ɗakunan gwaji a tashoshinta, tana kuma da ikon wajabta wa kowane shago ya rubuta a jikin kaya ko na daji ne, ko na gona, ko wanda aka yi wa wanka.

Mu ma masu saye ne, ko da ƙanana. Alhazanmu da 'yan Umra suna shigo da udu kowace shekara, kuma yarjejeniyar ta yarje wa matafiyi ya riƙo har kilo ɗaya na ice, da mililita 24 na mai, da carbi biyu domin amfanin kansa ba tare da takarda ba, abin da ya wuce haka ya zama fatauci mai buƙatar izini. Matan da ke haɗa turaren wuta da humra, tun daga Maiduguri har Kano da Damagaram, suna sayen abin da aka ce musu udu ne suna zubawa a haɗinsu tare da hawi da sandal da kajiji, kuma mafi yawansu a kan amana suke saye, kamar yadda na yi. Da na sake komawa Makka bayan wasu shekaru, na shiga wani shagon daban na ce wa mai shi ina son na gona, kuma ina son ya tsaga guntu ɗaya a gabana. Ya yi ɗan jim yana dubana, sannan ya sunkuya ya jawo wata leda daga ƙarƙashin kanta wadda ba ta cikin kayan da ya baje a gilashi. Icen ruwan ƙasa ne mai jijiyoyin baƙi, bai kai wancan kyan gani ba, kuɗinsa kuma bai kai rabin na wancan ba. Hajiya ta yi wata huɗu tana ɗora shi a kasko bayan sallar magariba.